Nomau Ya Kai Inna Ruwan Ɗumi

A ƙauyen Kanyar Gabas, a gidan da ke bayan mahauta, akwai wata tsohuwa ana ce mata Inna Yelwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya maza biyu. Babban, Nafi'u, shi ya kwashe wayon gidan kaf ya tafi da shi birni, yana sayar da kayan gyaran babur, ba a ganinsa sai da salla, ita ma ba kowace ba. Ƙaramin, Nomau, shi aka bar wa ƙarfi. Ƙato ne, ya ba arba'in baya, yana da mata ana ce mata Lanti, baiwar Allah mai haƙurin da ya isa a tausaya mata. Nomau ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya musu. Cutarsa ɗaya ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ruwansa da abin da kake nufi. Ita kuwa Inna Yelwa bakinta ya fi aska kaifi, ta zage shi da safe ta zage shi da yamma. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka suke zaune.

Abin da ya fi damun tsohuwar ma ba Nomau ba ne, gwiwoyinta ne. Sanyi ya kama su shekara da shekaru, sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa. Tafiya sai da sanda da dafa bango, salla kuwa a kan kujera take yi tana sunkuyar da kai. Malamai sun ce mata ya halatta, ta kuma yarda, amma ranta bai kwanta ba. Mace ce da ta saba daɗewa a sujada tun tana budurwa, kuma babban tsoronta shi ne ta mutu goshinta bai sake taɓa ƙasa ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba, don ba ta son a yi mata kallon tausayi.

Wata rana da hantsi ciwon ya motsa, sai ta ce wa Nomau ya ɗora mata ruwan gashi, kada kuma ya bari wutar ta mutu. Ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, barci ya kwashe ta. Lanti ta tafi gidan suna. Nomau ya ƙone itacen da ke gindin murhu, ya ƙone karan da aka tara don damina, ya tumɓuke dangar da ta raba su da maƙwabta ya tura. Da Inna ta dogaro sandarta ta fito, sai ta tarar da shi yana faskara turmi, tukunya ta ƙone ƙurmus babu ɗigon ruwa a cikinta, awakin maƙwabta sun cika tsakar gida suna cin dusa. Ta tambaye shi ina ruwan gashin. Ya ce ai ruwa ɗorawa kawai ta ce, ya kuma ɗora, wuta ce ta ce kada ta mutu, ga ta nan kuwa da ranta. Zagin da ya sha ran nan har mahauta sai da suka ajiye wuƙaƙe suka leƙo.

Cikin masu kallon akwai wata dillaliya, ita ce ta ce ai da Inna ta san Dutsen Hayaƙi da ta huta da ɓarnar itace. Gari ne a kan tsauni, a gindinsa ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa, ba wuta ba tukunya, masu ciwon gaɓoɓi kan je su jiƙa jikinsu. Ta ce akwai ma wani ɗan birni mai suna Kamilu da ke ɗibar mutane a bas, ya kai su ya zagaya da su ya dawo da su a yini ɗaya, jagora ake ce masa. Tun daga ranar Inna ta hana Nafi'u sakat a waya. Da ya gaji sai ya kama musu kujera biyu, ya ce shi ba zai iya barin shago ba, Nomau ya raka ta, kuma wannan ce ta farko ita ce ta ƙarshe, kada a sake kiransa a kan maganar ruwa. Inna ta so ta ce gara a haɗa ta da jakin gida, amma ta haɗiye maganarta, don ta san in wannan ta wuce ta babu wata.

Wata rana, ranar kasuwa, Kamilu ya zo ya tara masu tafiya a gindin tsamiyar tasha don ya gaya musu ƙa'ida. Siriri ne, da baƙin tabarau da matsattsen wando, yana riƙe da ƙaramar lasifika ko da mutum biyu yake wa magana. Ya yi ta zuba kamar kanyar da ba daɗi, ya yabi tsauni, ya yabi ruwa, ya fi yabon kansa. A ƙarshe ya ce kowa ya zo da duk abin da yake wanka da shi a gida, don can ba a ba da aro. Nomau ya gyaɗa kai. Da ya koma gida Inna ta zaunar da shi, don tana gudun ya kunyata ta a gaban baƙi.

"Ka ji ni da kyau," in ji ta. "Duk abin da jagoran nan ya ce, shi za ka yi. Ko ni na ce maka wani abu daban, nasa za ka bi, ya fi mu sanin hanya."

"To, Inna."

Ta kwanta tana ganin ta yi dabara. Baki dai shi ke yanka wuya.

Wata rana, ranar da aka sa ke nan, da sassafe Nomau ya goyo Inna ya kawo ta tasha, ya zaunar da ita a bas, ya ce bari ya ɗauko kaya. Bas ta cika da mutanen birni da na ƙauyuka, kowa da ɗan tawul ɗinsa da sabulu a leda. Can sai ga Nomau da bokiti a hannu ɗaya, ƙwarya da soso a ɗayan, dutsen da ake takawa a yi wanka a hammata, zanan bayin gidan kuma a nannaɗe a kansa. Lanti na biye da shi tana haki, tana cewa ya bar musu bayi a buɗe, duk mai wucewa sai ya ga ciki. Direba ya rantse dutse ba zai hau motarsa ba. Wani Alhaji Mamuda, dillalin taki mai ƙaton tumbi, shi ya fi kowa dariya, har ya tambayi Nomau ko ya manta da rijiyar ne. Nomau ya amsa da gaskiyarsa, ya ce ya duba, ba ta ɗaukuwa. Lanti ta kwashi zana ta koma, aka bar dutse a tasha, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kamar ba ta san shi ba.

Ana kan hanya Kamilu ya ɗaga lasifika ya ce kowa ya lura da na kusa da shi, kada ya bari ya ɓace masa da gani ko da ƙiftawar ido, don shi bai taɓa yar da mutum a hanya ba. Inna tana ta taga, ba inda za ta je. Na ɗaya gefen Nomau kuwa Alhaji Mamuda ne. Da aka tsaya a wani daji don masu uzuri, Alhaji ya ɗauki butarsa ya shiga bayan sabara. Ya tattare riga ke nan zai tsuguna, sai ya ga inuwa a kansa, ya ɗaga ido ya ga Nomau tsaye ya zuba masa ido. Ya tashi ya koma bayan wata bishiya, Nomau ya bi shi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, Nomau ya ce shi dai an ce kada ya ɓace masa. Haka Alhaji ya dawo mota da abin da ya tafi da shi, fuskarsa a murtuke, ya huce a kan tsohuwa, ya ce mai irin wannan ɗa turke shi ya kamata ta yi a gida. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Inna Yelwa da ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ran nan ta kau da kai, ruwan ɗumi kawai take tunani.

Da aka fara hawan tsauni, bas ta yi ta nishi har ta ɗauki zafi a wata kwana mai gangara. Direba ya tsaya, ya leƙo ya ce wa Nomau, tunda shi ne ƙaton motar, ya nemo babban dutse ya sa a bayan taya kada ta zame. Da ya ce dutse kawai da an zauna lafiya. Nomau ya wuce duwatsun da kowane mai hankali zai ɗauka, ya je ya mirgino wanda ya kai girman turmi, ya cusa shi a ƙarƙashin mota. Da injin ya huce aka zo tashi, bas ta ɗan ja baya yadda suka saba, sai ta hau kan dutsen ta zauna daram. Maza suka fito suka yi ta tono da hannu da ƙarfen taya, babbar rigar Alhaji Mamuda ta koma kalar ƙasa. Inna na zaune a ciki tana kallon rana tana ɗagawa, tana jin kamar ta shaƙe ɗanta.

Sai wajen tsakar rana suka isa Dutsen Hayaƙi. Gari ne mai sanyi, gidajensa na dutse, shingensu na ƙerana, gonakin dankali hawa-hawa a jikin tsauni. Daga bakin kasuwa ana hango wani farin hayaƙi yana tasowa can ƙasa cikin kwari, aka ce ai shi ne tururin ruwan. Murna ta kama Inna, har ta manta da fushinta ta yi murmushi a gaban Nomau. Amma ganin Dala ba shiga birni ba.

Titunan garin duk duwatsu ne da hawa da sauka, don haka Nomau ya goya ta. Kamilu ya fito da wata 'yar tuta ruwan ɗorawa a kan sanda, ya ce kowa ya bi tutar nan duk inda ta nufa. Ba a yi nisa ba Alhaji Mamuda ya ce a ɗauke shi hoto a gaban wani ƙaton dutse. Kamilu ya rasa inda zai ajiye tuta, sai ya soka ta a mangalar wani jaki da ke tsaye da kayan dankali. Jaki ya gaji da tsayuwa ya kama hanyar gidansu. Nomau ya bi tuta. Inna ta yi ta dukan kafaɗarsa tana cewa jaki ne, jaki yake bi, shi kuwa ya tuna mata cewa ita da bakinta ta ce na jagora za a bi. Suka ratsa kasuwa, suka bi lungu, suka shige har cikin turken gidan mutane. Mai jakin ne ya rako su da tutar a hannu, yana tambaya ko dukan baƙin yau haka suke.

Kamilu ya yi ta faɗa, ya ce Nomau ya cinye masa lokaci. Amma a faɗi gaskiya, lokacin da Nomau ya ci kaɗan ne a kan wanda Kamilu ke shirin ci. Shi jagoran nan yana da tsarinsa. Ruwa shi ne na ƙarshe a wurinsa, don a bakin ruwa ba mai ba shi ko ƙwayar goro. Mai zuman kasuwa kuwa surukinsa ne, masaƙin bargo yana yi masa ihsani, mai abinci ba ta karɓar komai a hannunsa in ya kawo mata baƙi. Saboda haka aka je rumfar zuma, kowa ya lasa, aka saurari tarihin ƙudan zuma tun daga kakanninsu. Aka je wurin masaƙa, aka shafa barguna, aka yi ciniki, aka fasa, aka sake. Inna ba yarinya ba ce, ta ga lokacin da mai zuma ya zura hannu a aljihun Kamilu. Aka yi azahar, ita a zaune a kan dakali kamar kullum. Ta kira shi cikin ladabi ta tambaye shi yaushe za a gangara.

"Yanzu-yanzun nan, Hajiya," ya ce, bai ko dube ta ba. Ita da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba.

Daga nan sai ya kaɗa su gidan abinci. Inna ta dubi inuwar katanga ta ga ta fara tsawo, hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta ce wa Nomau ya je ya tambayi jagora yaushe za a je ruwa, kada ya rabu da shi sai ya ba shi amsa ta gaskiya. Kamilu ya zauna ke nan gaban tuwon shinkafa da kan rago, sai ga Nomau a kansa. Ya tambaya, aka ce masa an jima. Ya sake tambaya. Kamilu ya kai loma, Nomau ya tambaya. Ya ɗauki ƙashi zai tsotsa, Nomau ya tambaya. Mutane suka fara ƙunshe dariya. Kamilu ya dangwarar da ƙashin, ya nuna wata 'yar siririyar hanya da ta bi ta bayan gidan abincin ta gangara kwari.

"Ka ga waccan? Ita ce hanyar ruwa ta masu ƙafa. Tunda kun fi kowa sauri, goya ta ka kai ta. Kada ka tsaya sai ruwa ya taɓa gwiwarta."

Aka fashe da dariya, Alhaji Mamuda har da ƙwarewa. Ko yaron goye ya san gatse ne, don hanyar ta awaki ce da masu itace, mota kuwa ta titi take zagayawa ta sauke mutane a hutace. Amma Nomau bai san gatse ba, bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ya juya, ya sunkuci uwarsa daga kan benci tana shirin kai lomar farko, ya saɓa ta a baya ya kama hanya. Sandarta da bokiti da kwanon tuwo duk a nan aka bar su.

Inna ta yi masa bayani da lalama, abin da ba ta saba ba. Ta ce gatse aka yi masa, ya juya. Ya ce nasa za a bi. Ta zage shi, ta zagi ranar da ta yarda ta taho da shi, ta ce mota za ta tafi ta bar su a ƙasar da ba su san kowa ba, yayansa kuma ya riga ya ce kada a sake kiransa. Nomau dai sai gangarawa yake. Da ta waiga ta ga tsayin da suka baro, ta leƙa ta ga ramin da ke gefensu, sai ta daina cewa ya juya, gaba kura baya siyaki. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, sarƙaƙiya na kama masa riga tana yaga. Takalminsa ya tsinke, ya bar shi nan ya ci gaba da ƙafa. Zagin ya ƙare mata ta koma salati, salatin ma ya koma cikin zuci, ba ta jin komai sai numfashinsa da bugun ƙirjinsa a tafin hannunta. Can sai iska ta fara kawo musu ɗumi da wani wari-wari irin na dafaffen ƙwai.

Ruwan yana cikin duwatsu ne, an ja katanga an raba shi, ɓangaren maza da na mata. Nomau ya nufi wanda ya fi kusa, na matan ke nan. Wata tsohuwa mai suna Iya Dudu, wadda ita ke tsaron wurin, ta tare ƙofa da sandarta ta ce ina za shi. To an ce kada ya tsaya, ga shi kuma an tare hanya. Sai ya kama zagaya wani ɓaure da ke bakin ƙofar. Inna na bayansa, duk zagaye ɗaya in sun zo daidai Iya Dudu sai ta jefa mata guntun bayani, kafin ta ƙarasa an wuce da ita. Sai da aka sha zagaye kafin Iya Dudu ta haɗa guntayen ta gane. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙafafun Nomau da suka farfashe, ta leƙa ciki ta ce wa matan su rufa, ta dawo ta ce masa ya runtse ido. Ta ja shi da hannun riga har cikin ruwa, da kayansa da komai. Da yake a goye Inna take, sai da ruwa ya kai masa ciki kafin ya taɓa gwiwarta. Yana taɓawa ya tsaya cak. Mata suka sauke ta, aka fitar da shi ido a rufe, aka ce ya je can kan falalen dutsen da baƙi ke salla ya zauna ya jira.

Inna Yelwa ta zauna a kan wani dutse cikin ruwa, ɗumi ya kai mata wuya. Da farko ta ji kamar ana tsira mata allurai a gwiwa, daga baya abin ya lafa, ɗumin ya ratsa har inda ruwan tukunya bai taɓa kaiwa ba. Iya Dudu ta shigo ta zauna kusa da ita tana murza mata gaɓoɓin a hankali. A nan take gaya mata al'adar wurin. Ruwan na baƙi ne daga safe zuwa la'asar. Da an kira la'asar ya zama na masu jegon garin, don su ba sa dafa ruwan wankan jego, nan suke saukowa, kuma daga lokacin ba baƙon da ke shiga, ba namijin da ke kusantar katanga, ko ɗan waye.

"Mai tutar nan ne ya kawo ku, ko?" in ji Iya Dudu. "Kullum sai rana ta yi sanyi yake sauko da mutanensa, su tsoma ƙafa a ɗauke su hoto, ya ɗaga lasifika ya ce su fito. Ke dai baiwar Allah kin yi sa'ar ɗa."

Inna ta buɗe baki za ta gyara mata, ta gaya mata ko wane irin ɗa ne, sai ta rasa ta inda za ta fara. Ta miƙe ƙafafu cikin ruwa, ta daɗe har fatar yatsunta ta yamushe.

Ladan ya kira la'asar daga can saman gari. Masu jego suka fara saukowa da jariransu da ganyen wanka a ƙwarya. Inna ta yi alwala, aka taimaka mata ta sa kaya, mata biyu suka riƙo ta zuwa falalen dutsen. Ta waiwaya neman abin zama, babu kujera, babu dakali. Ta tsaya ta ta da salla a tsaye. Ta yi ruku'u. Ta ɗago. Sannan ta lanƙwasa gwiwa a hankali tana jiran zafin da ta sani, ya zo, amma bai kai yadda ya saba ba, kuma gwiwoyin suka bi ta har ƙasa. Goshinta ya taɓa dutse. Kuka ya zo mata, ta bar shi ya zo. Tana nan a sujada ta ji ƙugin bas, ta ji hon, ta ji lasifika na cewa kowa ya yi maza ya cire takalmi, ba ta ɗago ba sai da ta gaya wa Ubangijinta abin da ta daɗe tana tarawa.

Da ta sallame ta juya, sai ta ga Iya Dudu zaune a tsakiyar hanya, sandarta a gicciye. Mutanen bas sun yi cirko-cirko da tawul a wuya. Kamilu ya yi magiya, ya kira ta Iya, ya kira ta Hajiya, ya sa hannu a aljihu. Iya Dudu ta tsura wa hannun ido har ya fito da shi wayam. Ta leƙo ta koma ke nan. Ga tururi suna gani, ga ɗumi yana dukan fuskarsu, amma ko ɗan yatsa ba mai tsomawa. Kamilu ya juya neman wanda zai ɗora wa laifi, ya hango Nomau zaune da jiƙaƙƙun kaya, ya taso masa da maganar dutse da maganar jaki.

"Kai kuma wa ya ce ka baro mutane ka taho?"

"Kai ka ce," in ji Nomau.

Alhaji Mamuda na tsaye daga shi sai singileti, galan ɗin zuma a hannu, shi ma ashe ciwon baya ne ya kawo shi. Ya dubi Inna Yelwa da ke zaune a kan ƙafafunta, ya dubi Kamilu, ya tambaye shi me ya hana ya yi masa gatsen nan shi ma tun da rana. Ba wanda ya yi dariya. Masu wayo suka naɗe tawul ɗinsu a bushe suka koma mota, kowa da zumarsa da bargonsa.

Ba wai Inna Yelwa ta warke ba ne, ita ma ta san in sanyin damina ya dawo gwiwa za ta tuna da ita. Amma abin da ta zo nema ta samu. Nomau ya zo gabanta ya durƙusa ya juya mata baya don ta hau. Ta dubi bayan nan, rigar ta yage, ƙaya ta karce shi, ga ƙafa ba takalmi. Ta tuna duk sunayen da ta kira shi da su tun yana yaro, kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba ko a tasha.

"Tashi," ta ce. "Riƙe mini hannu kawai."

Ya tashi ya riƙe. Suka taka a hankali har bakin mota, ya hau da ita yana riƙe. Bas ta zagaya tsauni, ta gangara, ta wuce dajin sabara, hannunta na cikin nasa. Da suka kusa Kanyar Gabas wata mata da ke bayansu ta taɓa ta, ta raɗa mata cewa ta ce masa ya saki mana, ai ta san halinsa, in ba a faɗa ba haka za su kwana.

Inna Yelwa ta ce ta sani. Ba ta ce ya saki ba.